Sabon Tiyo a Tsohuwar Motar Baba

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, tashar motar Jibiya ta yi shiru har bayan azahar. Ba wanda ya ba da umarni. Direbobi ne kawai suka kulle motocinsu suka bi gawa. Ni ina cikin gida tare da mata, ban ga jana'izar ba, sai dai takun mutane da na riƙa ji a bayan katanga kamar ba zai ƙare ba. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Bakina ya faɗi haka tun a ranar, amma zuciyata ta daɗe ba ta bi bakin ba.

Ni ce autarsa. Ina aure a Katsina, ina koyarwa a makarantar firamare. 'Ya'yana sun taso sun tarar da kakansu tsoho ne mai sanda, mai yawan shiru, wanda yake zaro musu alewa daga aljihun gaba. Iyakar saninsu ke nan, kuma shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Ba na so a wayi gari abin da ya rage na Baba a gidanmu ya zama alewa da sanda.

A zaman makoki na ga mutanen da ban san akwai wata hulɗa tsakaninsu da shi ba. Akwai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda ta yi aikin jinya a nan kafin ta yi ritaya ta koma garinsu. Tafiyar yini ta yi ta zo. Da ta shigo ko gaisuwa ba ta iya yi ba, sai ta faɗa jikin Inna. Bayan ta natsu ta ba matan da ke ɗakin labarin da ni kaina gutsurensa kawai na sani. Mijinta ya rasu a Jibiya ina goye, yana aikin gwamnati a bakin iyaka. Ta bi tasha mota-mota tana neman wanda zai kai mata gawar gida, kowa ya ce ba ya ɗaukar akwatin gawa, fasinja za su guji motarsa. Baba ne ya kwance kujerun baya ya shimfiɗa tabarma. Ta ce duk ramin da suka tarar a hanya sai ya rage gudu ya lallaɓa ya wuce, kamar mai barci ya ɗauko. Ya tsaya daga gefe har aka binne, sannan ya juyo.

Maigidana, wanda ke zaune wajen maza, ya ba ni labarin wani dattijon Bafulatani daga wajen Bugaje. Ya zo ya jingine sandarsa, ya zauna a bakin tabarma, ya yi addu'a. Da zai tashi ya ce shi bai ma san sunan mamacin ba sai yau, motarsa ya sani. Idan shanu suna ƙetare titi, wannan direban kaɗai ne yake kashe inji ya jira, ba ya danna musu hon. Abin da ya kawo shi ke nan.

Kawu, ƙanen Inna, ya zo daga Maraɗi da tsofaffin direbobin can. Kafin su ƙarasa wurin tabarmi sai da suka tsaya gaban motar, inda take a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Ɗaya ya dafa bonet ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Wani ya durƙusa ya leƙa bayan taya, ya hango abu yana ƙyalli kamar azurfa, ya ɗago ya tambaya wa ya sa wa tsohuwar mota irin wannan tiyon birki. Aka ce masa mai ita ne, bara. Ya girgiza kai ya ce lalle mutumin nan bai bar halinsa ba har ya tafi.

Labarin wannan tiyon na fi so in bayar, don shi ne aikin ƙarshe da Baba ya yi, kuma a gabana aka yi shi. Amma sai an san mutumin kafin a gane aikin.

Tun yana saurayi yake jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Motar doguwa ce, ƙirar Faransa, mai launin ƙasa-ƙasa, irin wadda aka yi yayi tun kafin a haife ni. 'Yan tasha suna kiranta Dattijuwa. Kowace safiya bayan ya dawo masallaci yakan shiga ya zauna, bai tada inji ba, ya ɗora ƙafa a kan birki ya runtse ido, kamar likita mai sauraren bugun jini. Idan bai gamsu da abin da ƙafarsa ta gaya masa ba, to ranar babu lodi, ko da fasinja sun cika tasha. Yakan ce, "Gudu ko jaki ya iya. Tsayawa ita ce tuƙi." Matasan direbobi suna yi masa dariya saboda rashin saurinsa. Idan fasinja ya dame shi da ƙorafi sai ya gangara gefe ya ce mai sauri ya sauka ya yi gaba, za su cim masa.

Ba zan ce Baba mutum ne mai sauƙi ba. Ba shi da yawan dariya a gida, yana da saurin ɗaukar magana da zafi, kuma ban taɓa jin ya ce wa wani ya yi haƙuri ba. Idan ya san ya ɓata wa Inna rai, sai dai a ga ya dawo da kilishi ko turare daga Maraɗi ya ajiye a bakin gadonta ya fita. Ba ya son a taimake shi. Ko da tsufa ya kama shi, idan ka miƙa hannu za ka tashe shi daga tabarma sai ya kalli hannun har ka janye da kanka. Da idonsa ya soma yin yana ya bar jigila, amma ya ƙi sayar da motar. Kullum yana goge ta, yana tada ta ya saurari inji, ya kashe.

Inna 'yar ƙetare ce, daga wani ƙauye a Nijar gaba da Ɗan Isa. A cikin wannan motar aka kawo ta amarya. Mu a wurinmu iyaka ba ta taɓa zama wani abu ba face shinge da 'yan duwan, wato kwastan, da ake gaisawa da su a wuce. Sai ga shi an rufe ta a shekarun nan, motoci suka daina ƙetarawa. Masu ƙarfi suna bi ta daji a kan babur, amma Inna gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, ba ta iya hawa. A cikin wannan rufewar ne yayarta, wadda ta goya ta bayan rasuwar uwarsu, ta kwanta ciwo. Ta yi ta aiko saƙo tana son ganinta. Ta rasu ba su gana ba. A waya aka gaya wa Inna, ta ajiye wayar a cinya ta zauna tana kallon bango. Kwana da kwanaki ba ta cin abin kirki. Baba bai iya rarrashi ba. Abin da ya yi shi ne ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Ranar da aka buɗe hanya zan kai ki gida ki yi gaisuwa. Cikin motar da ta kawo ki."

Da hanya ta buɗe ya shiga shirya Dattijuwa. Inji lafiya lau, amma birki ya yi laushi, ƙafa tana nutsewa kamar ana taka tuwo. Na zo hutu a lokacin. Ya kira ni ya nuna mini tiyon roba da ke kai man birki zuwa kowace taya. Duk sun tsattsage, wani ma ya yi ƙullutu a tsakiya. Ya sa na riƙe ɗaya da yatsu, ya shiga ya taka, na ji yana kumbura a hannuna. Ya ce kin ji ko, roba idan ta tsufa a cikinta ƙarfin ƙafarka yake ƙarewa, tana kumburi kamar jijiyar wuyan mai fushi, ita kuwa taya ba ta ji komai ba. Wata rana kuma ta fashe, a lokacin da ka fi bukatarta.

Na ce to a sayo sababbi mana. Ya ce ya duba waɗanda ke kasuwa, bai yarda da su ba, kuma ba zai ɗora uwarmu a kan abin da bai yarda da shi ba. Akwai wani iri da ya taɓa gani shekaru da yawa a motocin Turawan da ke ratso hamada su zo su sayar a Nijar. Siririn tiyo ne a ciki, an saƙa masa riga ta wayar ƙarfe marar tsatsa, ba ya kumbura kuma tsakuwa ba ta yanka shi. Tun lokacin yake sha'awarsa, hidimar iyali ba ta bar shi ya nema ba. Ya kwance tsofaffin ya ƙulle mini a leda, ya ce in kai Kano a yi masa irinsu daidai tsawonsu, daidai bakinsu.

Haka na shiga kasuwar kayan mota da tsofaffin tiyo cikin jakar hannuna suna ɗiga mai a kan mayafina. Aka yi ta tura ni daga wannan rumfa zuwa waccan, har na dace da wani mai na'urar matse bakin tiyo. Ya juya su a hannu, ya tambayi wace mota ce. Da na gaya masa ya yi dariya ya ce ashe har yanzu akwai mai hawa irinta. Ya auna, ya yanka, ya matse. Da na kawo wa Baba ya ɗauki ɗaya ya kai dab da idonsa mai ɗan gani, yana bin saƙar da babban yatsa. Bai ce na gode ba. Cewa ya yi in shiga in ci abinci, na sha hanya.

A nan ne rigima ta tashi da Yaya, babban wanmu, mai shagon kayan gini a kasuwa. Shi yake riƙe da gidan tun da Baba ya bar aiki, daga gidansa ake kawo musu abinci. Da ya ji abin da ake shiryawa sai ya fara da ni. Ya ce ina taya tsoho abin da zai hallaka shi, ya hallaka uwarmu. Mutumin da ba ya gane mai gaishe shi sai ya ji murya, shi zai kama sitiyari a hanyar da manyan motoci ke tsere, ga halin da ake ciki na rashin tsaro. Sannan ya samu Baba ya ce shi zai ɗauki shatar mota mai kyau a kai Inna. Baba ya ce ba alkawarin shata ya yi ba. Yaya ya ce to shi zai tuƙa. Baba ya ce ba wanda ya taɓa tuƙa motar nan yana zaune a ciki.

Tsakanin su biyun dama akwai nauyi. Yaya ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Baba ne ya koya masa tuƙi, kuma ko sau ɗaya bai ce masa ya yi daidai ba. Magana ba ta tsawo a tsakaninsu ko da lafiya, balle da faɗa. Abin da Yaya ya yi shi ne ya shiga zaure, ya zare makullin motar daga ƙusar da ake rataye shi, ya sa a aljihu. Ya kuma bi ta tasha da gareji ya roƙi kowa kada a sa wa tsoho hannu a wannan aiki.

Baba bai ɗaga murya ba. Da aka kawo kwanon abinci daga gidan Yaya ya ce a mayar. Washegari ma haka. Matar Yaya ta zo da kanta ta durƙusa tana kuka, ya ce mata ita ba ruwanta, Allah ya yi mata albarka, amma ta ɗauki kwanonta. Fura kawai yake sha. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce masa ta yafe tafiyar, ta yi wa yayarta addu'a daga nan ma ya isa. Ya ce ita ta yafe, shi bai yafe wa kansa ba.

Ba a bukatar makulli kafin a sauya tiyo. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, ya ɗaga motar da jak ya tokare ta da itace, ya shiga ciki da sifanoninsa. Aikin da a da zai gama kafin azahar ya ɗauke shi kwanaki. Ba da ido yake yi ba, da yatsu yake laluben kowane noti. Ni nake miƙa masa kaya, yana magana kamar da kansa yake: kada tiyo ya murɗe wajen ɗauri, a juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu a tabbatar ba ya gogar taya, don wannan saƙar ƙarfen duk abin da ta goga sai ta ci shi kamar zarto, kada man birki ya taɓa fenti. Wani tsohon noti ya ƙi kwantuwa saboda tsatsa, ya yini yana ɗiga masa mai yana jira. Na ce ya buga shi da guduma. Ya ce tsoho ba a yi masa dole, lallashinsa ake yi. Na dube shi, shi bai ma lura da abin da ya faɗa ba.

Da aka gama ɗaurawa sai aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Idan an sauya tiyo iska takan shiga, kuma birki ba ya kamawa sai an kore ta. Ɗaya zai zauna a kujerar direba yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance wani ɗan noti a bayan taya don man ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin na sama ya ɗaga ƙafa. Ni ya ba ni aikin tsayawa gaban bonet ina ƙara mai a ɗan tankinsa kada ya ƙafe. Saura mai takawa, kuma Yaya ya riga ya hana kowa. Daga ƙarƙashin motar Baba ya ce in kira uwata.

Inna ta fito da mayafi tana dafa bango. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zama a wannan kujera ba. Ta ce, "Malam, mi zan yi a nan da tsufana? Mutane na kallo." Ya ce su kalla. Na taimaka mata ta zauna, na ɗora ƙafarta mai dama-dama a kan birkin. Daga ƙasa muryarsa ta fito: "Taka. Taka kuma. Riƙe nan." Ta dafa gwiwarta da hannu biyu tana danna ta. Da ya kwance notin ƙafarta ta nutse har ƙasa, ta firgita ta ce ta lalata. Sai muka ji dariyar Baba daga ƙarƙashin mota. Na manta rabon da in ji ta. Ita ma ta kama dariya tana rufe baki da mayafi, rabonta da dariya tun rasuwar yayarta.

Amma aikin ya ƙi. Kafin Baba ya laluba ya ɗaure notin gwiwar Inna ta gaji ta saki, iska ta koma. Aka sake, aka sake. Sifana ta zame ya bugi ƙarfe, na ga jini a bayan hannunsa. Rana ta yi la'asar, numfashinsa ya soma fita da ƙyar, amma ya ƙi fitowa.

Ana haka Yaya ya iso daga kasuwa. Ya tsaya daga nesa kaɗan yana kallo: uwarsa riƙe da sitiyari tana zufa, ƙafafun ubansa sun leƙo daga ƙarƙashin mota, siraran ƙafafu masu furfura. Na zaci zai yi faɗa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya cire hula da babbar riga ya miƙa mini, ya kwanta a kan tabarmar ya ja jiki ya shiga kusa da Baba. Na sunkuya na leƙa, na ga Baba ya riƙe sifanar bai saki ba, Yaya ya buɗe tafin hannu yana jira. Can ya sa masa ita.

Daga nan Baba ne mai ba da umarni, Yaya mai kwancewa da ɗaurewa. Suka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, suka fara da wadda ta fi nisa da direba, har man ya riƙa fita garau ba kumfa. Inna ta ce abin ya yi tauri, ta kasa dannawa. Baba ya ce shi ke nan, abin da ake nema ke nan. Da zai fito ya kasa, Yaya ya kama shi ta ƙarƙashin hammata ya zaunar da shi, kuma wannan karon bai kalli hannun ba. Da yamma aka kawo kwano daga gidan Yaya. Ya koma wayam.

Da safe Yaya ya ajiye makullin a gefen tabarmar Baba, ya ce sai dai a fara gwadawa yana ciki. Muka fita ta hanyar Magama, Baba a sitiyari, Yaya a gefensa, ni a baya. Yana tafe yana ɗan taɓa birkin, motar tana amsawa nan take. Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Kun ji? Yanzu in na yi mata magana tana ji." Mun ɗan yi nisa sai wani mai amalanken jaki ya fito daga gona da lodin kara, ya hau titi. Ni na gan shi tun daga nesa, Yaya ma ya gan shi. Gudun motar bai ragu ba. Yaya ya ce a hankali, "Baba, amalanke." Ya taka. Motar ta tsaya cak, hancinta dab da karan. Mai amalanken ya ɗaga hannu ya wuce, bai ma san abin da ya tsallake ba.

Baba ya zauna riƙe da sitiyari da hannu biyu. Inji yana aiki. Sannan ya ce, "Ban gan shi ba." Ya ja birkin hannu, ya fita, ya zagaya ta gaba yana dafa bonet, ya tsaya a ƙofar Yaya har Yaya ya fito ya ba shi wuri. Tun daga ranar bai sake tuƙi ba.

A makon nan muka ƙetara. Yaya ke tuƙi, Baba a gefe, ni da Inna a baya. Duk gangara da kwana ina ganin ƙafar Baba ta dama tana danna dandamalin motar inda babu komai, amma bai gyara wa Yaya tuƙi ba ko sau ɗaya. Da muka isa ƙauyen Inna ta shiga ɗakin yayarta, ta tarar an ɗauke gadon, sai ƙusar da take rataye carbi. A nan ta yi kukan da ta riƙe. 'Ya'yan marigayiyar suka kewaye ta, suka ba ta wani zane da uwarsu ta ce a ajiye mata. Kawu ya zo daga Maraɗi ya same mu. Ya tsokani Baba, ya ce yau ga babban direba ya koma fasinja, ina alkawarin da suka ji labari. Baba ya ce, "Na ce zan kawo ta cikin motar nan. Ga ta, ga motar."

Bayan damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Muka kai shi asibiti a Katsina, ni nake jinyarsa da rana tun da ina kusa, Yaya yana zuwa yana komawa. Wata rana da hantsi Yaya ya fita sayen magani, Baba ya kira ni kusa. Ya ce akwai saƙon da zai ba ni, amma in riƙe shi sai bayan ransa. Ya ce, "Ki gaya wa yayanki, makullin nan da ya ɗauke, gaskiyarsa ce. Ni ma haka zan yi wa ubana." Na ce Baba, ga shi nan zai dawo yanzu, ka gaya masa da kanka, zai fi jin daɗi. Ya ce ba a yin haka. Na roƙe shi. Ya juya fuska bango ya ce in ba shi ruwa. Bai ƙara kwana da yawa ba Allah ya karɓi abinsa, Yaya yana riƙe da kan Baba yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Sai da aka yi sadakar uku, baƙi suka watse, na samu Yaya shi kaɗai a zaure yana naɗe tabarmi. Tun rasuwar shi ke tsaye kan komai, karɓar gaisuwa da abincin baƙi da masaukinsu, ban ga ya zauna ba. Na tsaya a bakin ƙofa na isar da saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ci gaba da naɗin kamar bai ji ba. Tabarmar ta karkace, ya warware ya sake. Sannan ya tambaye ni, bai ɗago ba, ko da Baba zai faɗa ya ambaci sunansa.

Na so in ce e. Ba wanda zai ƙaryata ni. Amma ba haka aka yi ba. Na ce a'a, "yayanki" ya ce.

Yaya ya gyaɗa kai, har ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "To lalle shi ya faɗa." Ya zauna a kan tabarmar da bai gama naɗewa ba, ya ja hularsa ya rufe fuska. Na jawo ƙofar zauren na bar shi.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da abin da ya iya. Ka lulluɓe kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Inna. Wanda ya karanta wannan, ko ya san shi ko bai san shi ba, ina roƙon ya sa shi cikin addu'a.